Turmin da Ke Kan Rijiyarmu

Rijiyarmu tana tsakar gida, tsakanin madafa da bishiyar lemun tsami, kuma tun da na buɗi ido na gan ta ba ta da murfi. An ɗaure bakinta da siminti zuwa gwiwa, an gitta gungumen giginya wanda igiyar guga ta ci ta yi masa zane-zane. Shi ya sa ranar da na dawo daga firamaren da nake koyarwa na tarar an kifa wani tsohon ƙyaure a kanta, an ɗora turmi a sama, na tsaya na riƙe ƙugu ina tambayar wa ya yi wannan aikin.

Matar yayana ce. Ta ce saboda autanta ne da ya fara tafiya. Na ce mata mu duka a gindin rijiyar nan muka yi rarrafe, har da mijinta, kuma ga mu nan da ranmu. Ba ta yi musu ba, ba ta kuma ɗauke turmin ba. Ta ce in ina son ruwa in yi mata magana, ita za ta ja mini.

Gidan namu ba shi da yawa. Yayana ne da matarsa da 'ya'yansu huɗu, sai ni da na dawo bayan rasuwar mijina. Ƙauyenmu yana gabas da Zakirai, inda gona ke manne da gona, in ka yi atishawa a taka maƙwabci zai ce maka yarhamukallah daga tasa. Ni ce mai boko a gidan, ni ce kuma mai baki. Ba na ɓoyewa, tun ina yarinya mahaifiyarmu take cewa harshena ya riga ƙafata tafiya.

Babbar 'yarsu shekararta goma sha huɗu a lokacin, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. 'Yar fari ce, kuma a wajenmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yabonta, ba ta yin zancenta. Matar yayana ta riƙe wannan kunyar fiye da kowa a unguwar. In za ta aike ta sai ta kalli bango ta ce a gaya wa waccan ta kawo itace. Ni na goye ta, ni na yi mata kitson farko, a ɗakina take kwana tun da na dawo. In ana maganarta, ni nake amsawa, kuma ina jin daɗin hakan ƙwarai.

Ciwon ya fara ne a hankali, wajen ƙarshen damina. Ta daina cin abinci in ba ita ta ga an zuba ba. Tana cikin shara sai ta tsaya cak, ta karkata kai kamar mai sauraron kira daga nesa, leɓenta yana motsi. Malamarsu ta aiko mini cewa ta zauna a aji tun safe har tashi ba ta buɗe littafi ba. A daidai kwanakin nan ne turmin ya hau rijiya, a kwanakin ne kuma uwar ta hana ta jan ruwa, aikin da nata ne tun tana shekara tara. Sai na ga matar yayana, 'yar ƙaramar mace siririya, tana sauke turmi, ta ja ƙyaure, ta cika randa, ta mayar da komai, ita kuwa yarinyar tana zaune a inuwa tana kallo. Abin ya ba ni haushi. Na ce lallai zamani ya zo, uwa tana yi wa 'yar fari bauta a bainar jama'a.

Wata rana da la'asar ina duba littattafan ɗalibai, matar yayana ta zo ta tsaya a bakin ƙofata. Ba ta shigo ba. Ta daɗe tana murza bakin zaninta, sannan ta ce, "Goggonsu, waccan yarinyar..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Tsakanin ƙanwar miji da matar wa akwai wasa, ni kuwa ba na barin dama ta wuce ni. Na rangaɗa guɗa, na ce jama'a ku zo ku gani, yau uwar 'yar fari ta zo hirar 'yarta, ashe kunyar ta ƙare a kasuwa. Maƙwabciyarmu ta jiyo ta katanga tana dariya. Uwar ma ta yi 'yar dariya, ta ɗauki tsintsiyar da ke jingine a bango kamar ita ta zo nema, ta tafi. Na koma kan littattafaina.

Mun yi abin da kowa yake yi. An yi rubutu ta sha, an yi tofi, an yi hayaƙi har idanunta suka yi ja, an kira mai ruƙiyya ya yi karatu kwana uku. Abin sai gaba yake yi. Ta daina wanka, ta fara toshe kunnuwanta da tsumma. Ran da ta fasa madubina ta ce akwai mutane a bayansa, na ce wa yayana ya isa. Ma'aikacin ƙaramin asibitin da muke zuwa ya dube ta bai fi minti biyar ba, ya rubuta takarda ya ce mu kai ta babban asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke gefen birni, akwai sashen yara, kada mu kwana biyu.

Abin da na fara lura da shi a sashen shi ne shiru. Na yi zaton zan tarar da ihu da sarƙa, irin labarin da ake ba mu. Ɗaki ne dogo mai gadaje a jere, tagoginsa da ragar ƙarfe, 'yan mata daban, maza daban. A bakin ƙofa wata nas ta zazzage jakarmu a kan tebur. Ta ware reza, da allurar ɗinki, da fil ɗin mayafi, da cokalin ƙarfe, har igiyar cajar waya, ta zuba a leda ta rubuta lambar gado. Na ce mata yarinyar nan ko kaza ba ta iya yankawa. Ta ce haka ake yi wa kowa, ta ci gaba da aikinta.

Doka ce mutum ɗaya ya zauna jinya. Babu wanda ya tambayi wa zai zauna, ni na shimfiɗa tabarmata a gefen gado. Uwar takan zo ranar Talata da Juma'a da fura da tuwo a kwano, amma ba ta shiga. Akwai wata darbejiya a gaban sashen, a nan take zama, in na fito ta miƙo mini kwanon ta ce ya masu jiki, kamar gaisuwar dukan asibitin ta zo yi. Sai ta yi ta kallon tagar har lokacin tafiya ya yi.

Likitar mace ce, ba ta kai ni shekaru ba, mai magana a hankali. A rana ta biyu ta kira ni ofis ta ce tana son ganin mahaifiyar yarinyar. Na yi mata bayani cewa 'yar fari ce, uwar ba za ta iya cewa komai ba, ni ce na raine ta, duk abin da take son sani ta tambaye ni. Ta ce ta san al'adar, su ma a gidansu haka ake yi, amma duk da haka tana son ganinta. Sannan ta buɗe fayil ta fara tambaya. Yaushe ya fara, tana barci ko ba ta yi, akwai mai irin ciwon a dangi, ta taɓa shan wani abu. Ina amsawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai cin jarrabawa. Sai ta ajiye biro ta dube ni.

"Ta taɓa ƙoƙarin cutar da kanta? Ko ta ce tana son mutuwa, ko ana ce mata ta yi wa kanta wani abu?"

Raina ya ɓaci. Na ce a'uzubillahi, gidanmu gidan Musulmi ne, yarinyar nan ta kusa sauke Alƙur'ani. Na ce a ɗakina take kwana, da akwai wani abu makamancin haka ni zan fara sani. Ta sake tambaya ta wata hanyar, na sake amsawa da ƙarfi fiye da na farko. Ta ɗauki biro ta rubuta. Na ga hannunta yana tafiya a kan takardar, layi ɗaya ne gajere.

Ranar Juma'a sai da nas ta fita da kanta ta taso uwar daga gindin darbejiya. Ta shigo ofis ta zauna a bakin kujera, ni ina tsaye a kanta. Likita ta yi mata tambayoyin nan dai, har da ta ƙarshen. Ta ɗago kai sau ɗaya, ba likitar ta kalla ba, ni ta kalla. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce goggonta ta fi ta sani. Likitar ta ce ko in ba su wuri. Kafin in motsa uwar ta riga ta miƙe tana gyara mayafi, ta ce mota za ta tafi ta bar ta.

Maganin ya yi aiki, wannan ba zan hana shi ba. Makon farko barci kawai take yi, yawu yana zuba a gefen bakinta, hannunta yana rawa in ta ɗauki kofi. Aka rage, aka canja wata ƙwayar. A mako na uku ta cire tsumman kunnenta da kanta. Ta fara wanka, ta fara cin tuwo, tana zuwa ɗakin da ake koya musu saƙa da zane. In likita ta tambaye ta muryoyin fa, sai ta ce sun tafi. In aka tambaye ta ko tana tunanin wani abu marar kyau, sai ta ce a'a, ta yi murmushi. Ladabinta ya ƙaru har ya wuce na da. Komai aka ce mata, to.

Sai tambayoyin gida. Ba ta tambayi ƙannenta ba, ba ta tambayi ƙawayenta na makaranta ba. Ta tambaye ni ko ruwan rijiya ya fara ja da baya. Na ce da saura, damina ta yi kyau bana, guga ba ya nisa. Bayan kwana biyu ta tambaye ni ko an fara roron wake. Na ce an fara. Ta ce ke nan da hantsi kowa yana gona. Na ce ƙwarai, har da babanta, sai azahar ake dawowa. Na ji daɗi a raina, na ce yarinya ta fara kewar gida.

Akwai wata yarinya a gadon da ke kusa da namu, 'yar wajen Rimin Gado, wadda ba ta magana sam. A mako na biyar 'yar tawa ta ba ta ɗan kunnenta na roba, da man shafawarta, da hular da ta saƙa da hannunta. Na ce ke da za ki koma gida me za ki sa? Ta ce ba ta buƙata. Nas ɗin da ta zazzage mana jaka tana wajen, na ga ta tsaya tana kallonsu, daga baya ta tambaye ni ko kyauta halinta ce. Na ce tun tana ƙarama hannunta a buɗe yake, gadon gidanmu ne.

A ƙarshen makon likita ta ce za a gwada ta a gida kwana uku, in komai ya tafi daidai a sallame ta gaba ɗaya, ta riƙa zuwa karɓar magani. Ta ce a bar ta ta yi 'yan ayyukan da ta saba, kada a mai da ita kamar ƙwai, amma a sa mata ido. Ta ce sun dogara ne da abin da muka faɗa musu da abin da suka gani. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Ranar Alhamis na roƙi izini na koma gida in gyara ɗaki. Na wanke zannuwan gado, na share ko'ina, na biya kasuwa na sayo sabon guga na roba da igiya, tun da an ce ta koma aikinta. Turmin yana nan a kan ƙyaure, mako biyar yarinyar ba ta gidan amma ba a sauke shi ba. Na san gobe mata za su cika gidan da barka da arziki, su ga rijiyarmu a rufe kamar ta masu rowar ruwa. Da safe yayana da matarsa suka riga ni fita bakin titi neman mota, an kai yaran gidan maƙwabta. Na sa kafaɗa na ture turmin ya faɗi ƙasa ya gangara, na ja ƙyauren na jingine shi a bayan rumbu. Na rataye sabon gugan a gungumen giginya, na ja baya na duba, na ga gida ya koma gida.

A asibiti yayana ya sa hannu a takarda, aka ba mu ƙwayoyi na kwana uku, aka dawo mana da ledarmu ta reza da allura. Yarinyar ta sa hijabinta mai ruwan toka, ta yi sallama da kowa gado-gado, ta daɗe riƙe da hannun 'yar Rimin Gadon. Muka fito cikin rana. Uwar ta taso daga gindin darbejiya ta bi bayanmu da 'yar tazara, kamar yadda ta saba. Mun kusa ƙofar fita, yayana ya yi gaba tsayar da adaidaita sahu, sai yarinyar ta matso kusa da ni ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Goggo, turmin yana nan a kai?"

Na yi dariya, na ɗaga murya don uwar ta ji, don da ita nake. Na ce na ture shi da safen nan, na kai ƙyauren bayan rumbu, na sayo mata sabon guga, gobe da hantsi ita za ta cika mana randa.

Na dubi yarinyar. Fuskarta ce ta saki gaba ɗaya, irin sakin fuskar wanda ya daɗe a tasha ya hango motarsa. Na sha ganin murmushinta a makonnin nan, amma wannan daban ne.

Sai na ji an kira sunanta daga bayanmu. Cikakken sunanta na yanka, da ƙarfi. Na waiga ina neman wace nas ce, don ban san muryar da wannan sunan ba. Shekara goma sha huɗu ban taɓa jin sa a bakin matar yayana ba. Ta zo ta wuce ni ta kama wuyan hannun 'yarta da hannu biyu, a gaban masu gadi da masu sayar da lemo da mijinta, ta ce ba inda za ta je. Bakina, da ba ya jiran hankalina, har ya fara cewa ke ba ki da kunya ne. Ta dube ni, na haɗiye sauran.

Ita ta ja ta har ofishin likita, mu muna biye. A tsaye ta yi magana, ba ta kalli kowa ba. Ta ce ranar wata Laraba da hantsi, kowa yana gona, ta dawo daga kai niƙa ta tarar da takalman yarinyar a jere a gindin rijiya, ita kuma tana zaune a kan bakin simintin, ƙafafunta a ciki. Yarinyar ta ce mata ana kiranta daga ƙasa, sun ce in ta sauko za su daina. Uwar ta rungumo ta ta baya suka faɗi tare. Bayan kwana biyar ta sake samunta a wurin. Ran nan ta ciro ƙyauren tsohon ɗakin kaji ta ɗora turmi.

Likita ta tambaye ta ko ta gaya wa wani. Ta ce mijinta ba ta iya buɗe baki ta yi masa zancen 'yar fari ba. Sannan ta ce, "Na je zan gaya wa goggonta sau ɗaya."

Ba ta ƙara komai a kai ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Likitar ta juya ga yarinyar ta tambaye ta a hankali ko har yanzu suna kiranta. Ladabin nan na mako biyar ya zube a take. Ta fizge hannunta, ta ce wa uwarta ta tona mata asiri, ta ce saura kwana ɗaya kawai, kwana ɗaya. Sai da nas biyu suka riƙe ta. Likita ta buɗe fayil ta nemo shafin ranar farko, ta ja layi a kan abin da na sa ta rubuta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce lokacin da jiki ya fara ƙarfi alhali muryoyin ba su tafi ba, shi suka fi jin tsoro, kuma za a mayar da ita gadon da ke kusa da teburin nas. Aka sake karɓe ledarmu.

Da aka zo maganar mai jinya na sunkuya zan ɗauki tabarmata, uwar ta riga ni. Ta shimfiɗa ta a gefen gadon ta zauna, ta ɗora hannu a ƙafar 'yarta da ke ta kuka tana juya mata baya. Wata biyu ta yi a wurin. Yarinyar tana nan da ranta, tana shan maganinta, uwarta ce take raka ta asibiti duk wata, kuma yarinyar ta daɗe kafin ta yafe wa uwar. Ni kam ba ta taɓa riƙe ni da komai ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Amma a ranar, ni kaɗai na koma gida, yayana ya tsaya sayen magani. Na isa bayan azahar, unguwa shiru. Na tura ƙofa na tarar da rijiyar yadda na bar ta, baki buɗe, sabon guga yana lilo a gungume. Na leƙa. Ruwan yana kusa, baƙi ƙirin, na ga kaina a ciki.

Na jawo ƙyauren daga bayan rumbu na kifa. Na gangaro da turmin har gindin rijiya, na durƙusa na rungume shi zan ɗaga. Turmin ƙirya ne, na kakarmu. Na ɗaga shi bai fi taƙi ɗaya ba ya kufce. Na sake gwadawa, bayana ya amsa, turmin ya murje mini yatsa. Na fi matar yayana tsawo, na fi ta jiki nesa ba kusa ba, ita kuwa sau huɗu sau biyar take sauke shi ta mayar a kowace rana, ina zaune a inuwa ina yi mata dariya. Na gwada na uku na kasa. Sai na hau kan ƙyauren na zauna, na yi ta zama a wurin har yayana ya dawo.